Hannun da Na Ce Ya Mutu

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Dutsin-Ma ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye ta wajen Barkiya, ƙasar Kurfi. Ni ne kuma sakataren kwamitin da ke sa ido kan ɗan asibitinmu na sha-ka-tafi. Ba don na san komai a harkar lafiya aka ba ni muƙamin ba, sai don an lura ina son magana a taro (matata ta ce ko raɗin suna aka kira ni, sai na nemi a ba ni lasifika).

Mai kula da asibitin, Malama Hindatu, ita ta fito da wani tsari. Ta lura masu ciwon da ba ya jin magani da wuri, irin su shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa na tsofaffi, ƙwaya kawai ake miƙa masu, su koma gida su kwanta har jiki ya sandare. Zuwa Katsina gashin ƙashi kuwa ba kowa ke iya shi ba. Sai ta samo Mamman mai tausa, mutumin da ya gaji sana'ar wajen ubansa, ta nuna masa inda zai taɓa da inda ba zai taɓa ba. Yana bin maza gida-gida da man kaɗanya da ruwan ɗumi, yana gasawa, yana murzawa, yana lanƙwasa gaɓoɓi, ita kuma tana yi wa mata, tana auna jini, tana tabbatar da ana shan magani. Matsalar ita ce Mamman kyauta yake yi, ga shi damina ta matso. Ya faɗa mata gaskiya cewa da ruwa ya sauka gona zai koma, tunda iyalinsa ba man kaɗanya za su ci ba.

Sai ga taron shiyya a Dutsin-Ma, inda asibitocin ƙauyuka ke kai buƙatunsu a duba abin da za a sa cikin kasafi. Muka shirya roƙon a ware ɗan abin da za a riƙa ba Mamman da ire-irensa. Mun san ba sauƙi, domin akwai masu cewa kuɗin maganin zazzaɓi da na awon ciki ma ba su isa ba, balle a ɗauka a ba mai tausa. Malama Hindatu ta ce za ta zo da Mamman da kuma Malam Sada, ɗaya daga cikin masu jinyar, ni kuma in yi bayani.

Malam Sada manomi ne mai shanun noma. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, lokacin da ciwon ya kayar da shi wajen yankan dawa. Na je dubiya na same shi a ɗaki mai duhu, an lulluɓe shi da bargo, baki ya karkace, hannun dama a yashe kamar ba nasa ba. A amalanke aka kai shi asibiti. Tun daga nan ban sake leƙa shi ba. In na tambayi Malama Hindatu, takan ce, "Yana samun sauƙi, Malam." Ni kuwa na ɗauke ta irin amsar da ake bayarwa ko mutum na gargara.

Don haka jawabin ban tausayi na shirya. Na yi ta maimaita shi a kan babur, har na zaɓi inda zan sassauta murya da inda zan yi shiru in dubi ƙasa.

Ranar taron na makara. Laraba ce, kasuwa ta ci, motocin hatsi da na dabbobi sun cushe hanyar shiga gari. Ina tsaye a cikin cunkoso na kira Malama Hindatu, ta ce, "Yi sauri, an kusa kiran mu. Malam Sada na nan bakin ƙofa, za ka gan shi."

Na shiga ina haki, daidai ana kiran sunan asibitinmu. Na waiga bakin ƙofa. Ga wani dattijo zaune kan kujerar roba, da jamfa wadda ta sha wanki, sanda a jingine da gwiwarsa, hannun dama a kwance kan cinya. Kusa da shi wani dogon mutum na tsaye ya jingina da bango, ban ko dube shi sau biyu ba. Na ce a raina, Allah sarki, Malam Sada har an iya zaunar da shi.

Na karɓi lasifika, na yi sallama, na gaida manyan da ke kan teburi. Sannan na taka a hankali har gaban dattijon, na dafa kafaɗarsa.

"Jama'a, ku dubi wannan bawan Allah," na ce. "Jiya-jiya shi ke riƙe garma. Yau ko ƙuda ya sauka a fuskarsa, sai dai ya jira wani ya kore masa."

Ɗakin ya yi tsit. Na ce a raina jawabi ya fara shiga. Na hango Malama Hindatu can gefe tana girgiza kai tana ɗaga mini hannu (na ɗauka cewa take in ƙara himma).

Sai na kama hannun dattijon na dama, na ɗaga shi sama kowa ya gani. "Wannan hannu ya mutu," na ce, murya na rawa kamar yadda na tsara. Na sake shi. Ya faɗo kan cinyarsa, lakwaf, kamar tsumma. Wallahi har ni sai da na ji tausayi. Don in tabbatar wa na baya, na sake ɗagawa na sake saki. Ya sake faɗowa.

Wani daga cikin na kan teburi ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi. Na ɗauka kuka yake.

Dattijon ya ɗago ya dube ni, fuskarsa ba fushi ba dariya. Ya miƙo hannun nan da ya mutu, ya zare lasifikar daga hannuna cikin natsuwa.

"Malam, sannu da ƙoƙari," ya ce. "Sai dai wanga hannu da ka yi wa ta'aziyya, shi za ya sa hannu kan buƙatarku in an amince."

Ashe shi ne shugaban taron, tsohon likita mai ritaya wanda kowa ke kira Dakta. Zafi ya dame shi a kan teburi, fanka ba ta aiki, shi ne ya ja kujera bakin ƙofa yana shan iska.

Dariyar da ta tashi a ɗakin nan, na tabbata 'yan kasuwar dabbobi sun ji ta. Na tsaya da hannu a sama, inda lasifika take a da. Na ce, "Ranka shi daɗe," na rasa abin da zan ɗora. Na sake cewa, "Ranka shi daɗe." Gumi ya jiƙa mini hula. Na dubi ƙofa, ga ta kusa, amma ba halin fita.

Dakta ya jira aka lafa, ya ce, "Kuma Malam, in da gaske bayan duk tausar da kuka yi hannun haka yake, ai ka zo ka roƙe mu ne kada mu ba ku komai. To, ina maras lafiyar?"

"Ga ni," in ji dogon mutumin da ke jingine da bango.

Daga nan na manta da kaina.

Ya rabu da bangon. Ya tako zuwa tsakiyar ɗaki, yana ɗan jan ƙafar dama, ba sanda, ba mai riƙe shi. Mamman mai tausa ya miƙe zai bi bayansa, ya yi masa alama ya zauna. Na dubi fuskarsa sosai, sai na gane idanun da na gani cikin bargo. Mutumin da aka ɗora a amalanke kamar buhu, shi ne wannan a tsaye, ya fi ni tsawo.

A hankali ya ɗaga hannun dama. Hannun na rawa, amma yana hawa. Ya kai kafaɗa, ya wuce, ya kama hularsa, ya cire ta, ya nuna mana, ya mayar da ita ya gyara mata zama.

Maganarsa na ɗan sarƙewa, amma ana ji. Ya ce, "Ni abin da ya fi ci mini rai ba gona ba ce. Alwala ce. Ɗiyata ke zuba mini ruwa tana wanke mini fuska, ni da na yi goyonta. Mamman ya yi ta zuwa yana murza yatsun nan, ina ce masa ya daina wahal da kansa. Wata safiya yana murzawa, babban ɗan yatsa ya motsa. Shi ya fara gani. Ya ce in sake, na sake." Ya ƙara da cewa, "Yanzu ni ke alwalata. Da wanga hannu nake cin tuwo."

Wata mata a baya ta ce, "Allahu Akbar," a hankali. Ni kuwa da na zo da kukan da na haddace, sai ga na gaskiya ya zo ba shiri, ina sharewa da hannun riga.

Dakta ya tashi ya zo gabansa. Ya ce ya matse masa yatsu, ya matse. Ya ce ya ture shi, ya ture. Ya tambayi Malama Hindatu ko yana shan maganin hawan jini ba fashi, ta ce yana sha, kuma tana auna shi duk zuwa. Ya tambayi Mamman abin da yake yi in ya ga ƙafa ta kumbura ko ta yi zafi, Mamman ya ce ba ya taɓawa, Malama yake kira.

Sannan Dakta ya juya ga taro. Ya ce kada kowa ya fita yana cewa tausa ta maye magani, kuma ba kowane mai irin wannan ciwo ke tashi haka ba, wani jikin yakan dawo, wani ba ya dawowa. Amma gaɓar da aka bari a kwance sandarewa take, kuma dole wani ya riƙa zuwa yana motsa ta. Ya ce, "In ba za mu iya kai su Katsina ba, to mu riƙe wanda ke zuwa gare su."

An yi gardama sosai. Wani jami'i ya tsaya kan cewa yara masu zazzaɓi sun fi gaggawa, kuma ba ƙarya ya yi ba. A ƙarshe aka amince da ɗan kaso a matsayin gwaji, da sharaɗin mai kula da asibiti ce za ta riƙa sa ido, kuma ba wanda za a ce ya bar maganinsa. Ba yawa, amma ya isa Mamman ya sa a yi masa noma ya ci gaba da zagayensa.

Da aka tashi na lallaɓa in ba Dakta haƙuri. Ya riƙe hannuna yana murmushi, ya ce, "Ai da ka ɗaga na biyu, na so in bar ka ka yi na uku."

A bakin ƙofa Malam Sada ya miƙo mini hannu muka gaisa. Riƙon ba ƙarfi sosai, amma da ɗumi, kuma shi ya riƙe ni. Ya ce, "Malam, kwana biyu ba ka leƙo mu ba." Na ce ina nan tafe. Na kuwa je.

Labari ya riga ni isa gida. Har yau in na shiga majalisa, sai wani ya ɓoye hannunsa cikin riga ya ce, "Ku yi hattara, ga Malam nan." Ni kuma na koyi abu guda: kafin in tausaya wa mutum a bainar jama'a, sai na fara tambayar sunansa.