Manjan da na zuba a tukunyar maman amarya

Ba zan taɓa mantawa da fuskar matar nan ba a lokacin da ta ɗaga murfin tukunya. Na tsufa, sunayen jikokina ma sai na yi ta lalube kafin in kama na daidai, amma wannan fuska ta ƙi barina.

A Manchok kowa Baba Kuku yake ce mini. Na samu sunan ne tun ina saurayi, da na yi aikin girki a gidan wata nas Baturiya ta asibitin mishan. Sista muke kiranta. 'Yar ƙasar Finland ce, daga wani yanki da ake kira Kareliya, kuma ita ta koya mini dahuwar nama irin ta garinsu: naman shanu da na alade a tukunya ɗaya, a rufe, a bar shi cikin zafi ya yi ta nuna a hankali har cokali ma ya iya yanka shi. Sista ta koma gida, ni kuma na riƙe girkin nan kamar takardar shaidar makaranta (da ma ba ni da wata). Kirsimeti, bikin aure, tarbar sabon fasto, sai a ce a kira Baba Kuku ya yi "naman Turai". In sa farar rigata, in kori mata daga bakin murhu, in ce musu wannan ba miyar karkashi ba ce, abu ne mai ƙa'ida.

To, sai Didam, ɗan ƙanena, ya tafi karatu can ƙasar, ya dawo da yarinyar da zai aura, Lisa, tare da mahaifiyarta. Da aka ce mini mutanen Kareliya ne, sai da na taka rawa a tsakar gida.

Didam ya same ni ya durƙusa, ya ce, "Baba, abu ɗaya maman Lisa ta roƙa. Baban Lisa ya rasu bara. A gidansu shi ne mai dafa naman nan duk lokacin da aka yi taro, kuma ya yi wa Lisa alkawarin zai dafa ranar aurenta. Maman tana so ta yi shi a madadinsa, yadda yake yi. Tukunyarsa ma ta ɗauko ta taho da ita. Don Allah kada kowa ya sa mata hannu."

Na ce, "Ai ba matsala, ɗana. Ni da ita sana'armu ɗaya."

Ana gobe biki da yamma aka kawo nama daga kasuwar aladu ta Kafanchan. Matar ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno ƙarƙashin mangwaro tana yankawa, gashinta fari fat, zufa na zuba. 'Yan Zumuntar Mata ta cocinmu suna gefe suna gyaran shinkafa suna satar kallo. Na je na tsaya a kanta, hannuwa a baya, kamar sufeto. Na duba, ban ga komai ba sai nama, gishiri, da 'yan ƙwayoyin masoro a ƙaramar kwalba.

Na ce, "Didam, tambaye ta, ina tumatir?"

Ya tambaya. Ta yi murmushi ta girgiza kai.

"Ta ce babu tumatir, Baba."

"Attaruhu fa? Manja fa?"

"Nama, ruwa, gishiri, masoro. Shi ke nan."

"Kai, Didam! Anya ba fassararka ce ba ta nuna ba?"

Mata suka kwashe da dariya. Sai Lisa ta sa baki, wai ita ta sha ci da karas da albasa a gidajen ƙawayenta. Uwar ta ɗan buge mata hannu, ta yi magana da sauri. Didam ya ce wai karas ƙarin mutanen birni ne, albasa ma sai da aka yi ta fama da marigayin kafin ya yarda da guda. Suka yi ta musu suna dariya, uwa da 'ya. Ni kuwa a raina na ce, ka ji, su kansu ba su san na ainihi ba. Na ainihi yana wurina, ja wur, mai yana yawo a kai.

Saratu, uwar Didam, ta matso ta yi ƙasa da murya. "Baba, a bar baƙuwa ta yi abinta."

Na ce, "Saratu, ke kin taɓa shiga kicin ɗin Bature?"

Ta koma wurin shinkafarta.

(Bari in faɗi gaskiya, ba girman kai kaɗai ba ne. A wurinmu miya marar mai ta majinyaci ce. Na hango 'yan uwa daga Fadan Kaje suna leƙa tukunya a babban tebur, su koma gida suna cewa gidanmu mun aura wa ɗanmu Baturiya amma mun kasa sayen manja.)

Da safe, bayan an kwashe burodi a gidan burodin da ke bayan gidanmu, matar ta sa tukunyarta cikin sauran zafin tanderun, ta tafi shirin coci. Na jira gida ya rikice da neman ɗankwali da takalmi, sannan na zaga. Na jawo tukunyar na buɗe. Nama ne kwance cikin romo fari-fari, ƙamshinsa a hankali kamar mai jin kunya. Na ɗanɗana, na girgiza kai. Har tausayinta na ji. Na ce baƙin ciki ne ya sa baiwar Allah ta manta rabin kayan.

Na soya tumatir da attaruhu cikin manja, na daka citta da daddawa, na juye duka, na gauraya, na rufe, na mayar. Na tafi coci na rera waƙa da ƙarfi fiye da kowa.

A filin makarantar firamare aka yi liyafa. Bayan addu'a da rawar dangi, mai gabatarwa ya ce yanzu uwar amarya za ta kawo abincin gidansu. Aka ajiye tukunyar a gaban ango da amarya. Matar ta miƙe, ta faɗi 'yan kalmomi, Didam ya fassara: mijinta bai samu zuwa ba, amma ga abin da ya yi alkawari. Lisa ta riga ta fara share ido. Sai uwar ta ɗaga murfi.

Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya da murfin a hannu tana kallon jan man nan, sannan ta duba gefen tukunyar, kamar mai son ta tabbata tata ce.

Mai hankali zai nutse a kujerarsa. Ni kuwa na ɗauka mamakin daɗi ne. Na tashi na karɓi abin magana daga hannun mai gabatarwa.

"Jama'a, ku yi wa mamanmu tafi, ta yi ƙoƙari! 'Yan abubuwan da ta manta, ni Baba Kuku na cika mata. Yanzu ya zama na Kareliya na ainihi. Didam, fassara mata!"

Aka yi tafi, har da guɗa. Didam bai fassara ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Lisa ce, da 'yar Hausar da ta koya, ta gane, ta raɗa wa uwar a kunne, sannan ta kifa fuska a kan tebur da fararen kayanta.

Matar ta dube ni. Ta ɗauki cokali ta ɗiba ta kai baki, don kada ta kunyata ni a gaban mutanena. Attaruhu ya shaƙe ta. Ta yi ta tari, fuskarta ta yi ja, hawaye na zuba, ana miƙa mata ruwa. Filin ya yi tsit.

A cikin shirun nan ne Saratu ta yi magana daga inda take rabon abinci. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Baba, ai Yaya Hannatu ce ta fara sa masa tumatir. Ina amarya a lokacin, ina wurin. Kai da bakinka ka ce na Sista ba ya wuce maka wuya."

Hannatu matata ce, ta daɗe da rasuwa. Ina tsaye da abin magana a hannu sai komai ya dawo mini. Na ga teburin Sista, na ga farin romon da nake zuba mata, ni kuma in koma bayan kicin in ci tuwona. Na ga Hannatu tana ture ni daga murhu tana cewa, "Matsa, Kuku, kada ka kashe mini yara da abincin asibiti." Tumatir nata ne, daddawa tata ce. Manjan ma ita ce. Ban san shekarar da na fara rantsewa cewa haka Sista ta koya mini ba.

Abin da ya fi ci mini rai, mutane sun cinye naman tas, har ana kankare gindin tukunya ana yaba mini. Lisa ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

Washegari na sa Didam ya raka ni masaukin maman Lisa. Na tarar tana wanke tukunyar, man ya ƙi fita. Na cire hula na durƙusa, duk tsufana, na ba ta haƙuri, na gaya mata wadda ta koya mini jan girkin. Ta saurara har na gama. Ta taimaka mini na miƙe, ta yi magana a hankali. Didam ya yi jinkiri, sai da na ce ya faɗa.

"Ta ce ta yafe, Baba. Ta ce matarka ta iya girki. Ta ce ashe matarka ce ta zo bikin, mijinta bai samu zuwa ba."

Ba a ƙara ɗaura wa Lisa aure ba, balle a sake dafawa. Har yau ana kirana in yi naman nan a biki, ina kuma yi, sai dai na hana a ce masa na Turai. Abin da na koya da furfurata shi ne, duk abin da na fi rantsewa a kansa, shi ya fi kamata in tambayi Saratu tukuna. Tukunyar da ba ni na ɗora ba kuwa, ko ƙauri na ji tana yi, sai dai in wuce in kira mai ita.