Gayyar Shehun Sin

Daga Batsari har Safana, kai ko da an haɗa da Tsaskiya, babu wanda Allah ya yi wa baiwar ilimi kamar Malam Zainulabideen na Wagini. Ba ni na faɗa ba, shi da kansa ya tabbatar, kuma ba sau ɗaya ba. Tsohon malamin gona ne. Gab da zai yi ritaya aka tura shi ƙasar Sin kwas na noman shinkafa, domin wanda aka zaɓa tun farko basir ya kwantar da shi. Darasin shinkafa dai gyangyaɗi ya cinye shi. Amma ranar da aka kai su yawon buɗe ido wani tsohon lambu, tafinta ya ɗan taɓo hikimar mutanen da, Malam ya baza kunne ya kwashe tas. Ya dawo gida da maficin takarda, da 'yar butar shayi, da falsafa har guda biyu. Tun daga nan aka laƙa masa Shehun Sin, shi kuwa ya amsa da murnarsa.

Falsafar farko ta makarantar Kunfushiya ce. Ita ta ce duniya ba ta zama lafiya sai kowa ya san matsayinsa, ƙarami ya girmama babba, a kiyaye gaisuwa da tsarin zama, na sama kuma ya zama abin koyi ga na ƙasa. Ta biyu ta makarantar Tawo ce, wadda ta ce yawan kutsawa shi ke ɓata al'amura, mai hankali ba ya tilasta wa abu, barinsa yake ya bi hanyarsa har aiki ya yi kansa. Masanan Sin sun daɗe suna kai-kawo a kan yadda za a daidaita biyun. Malam tun a cikin jirgi ya raba musu gardama: in abin karɓa ne shi ɗan Kunfushiya ne, in abin yi ne ɗan Tawo.

Sai shekarun tsanani suka shigo. Taki ya gagari talaka, 'yan bindiga suka hana zuwa gonakin daji, ɗan ƙwadago kuwa in ya faɗi ladan yininsa sai ka nemi wurin zama. Mutanen Wagini suka koma wa gayya irin ta kakanni, yau a taru a nome gonar wane ya ciyar da jama'a, gobe a faɗa ta wani.

A yi wa Malam adalci, bai taɓa fashin gayya ba. Shi ke riga kowa isa, ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya kafa butar shayi. In abinci ya iso sai ya ɗaga mafici.

“Jama'a, a ƙasar Sin ba a kai hannu akushi sai babba ya kai. Tsari ke nan. Tsarin nan shi ya kai su ga ƙera jirgin ƙasa mai gudu kamar walƙiya, ku kuwa har yanzu kuna bayan jaki. A miƙo mini na wajen naman.”

Ranar gayyar Daudu, mai gonar ya yi kuskuren miƙa masa hauya. Malam ya dube ta da tausayi.

“Daudu, Daudu. Kai kana ganin zaune nake? Aiki nake yi, irin wanda ba a yi da hannu. Sunansa yi ba tare da yi ba. Natsuwar da nake yi a nan ita ke tafiyar da hauyoyinku, amma ban sa ran ka fahimta ba.”

Daudu bai fahimta ba, ya koma ya duƙa. Haka Malam ya natsu a gonar Mati, ya natsu a ta Kamalu, ya natsu har ya yi ƙiba a shekarar da kowa ke ƙara huda a bel.

Gonarsa da ke bayan gari ita ma ya bar ta ta bi hanyarta. Ciyawa ta fi kowa fahimtar karatun, ta tashi ta rufe gero ruf. Fansho ya yi nisan kiwo, kuma ban da gonar nan gidan ba shi da wani abin dogaro. Uwargidansa Naja'atu ta kai shi bakin rumbu ta nuna masa abin da ya rage, ɗan geron da da ƙyar zai kai su kaka. Ta ce in ba a nome gonar nan cikin makon nan ba, to bana ba su da hatsi.

Malam ya yi murmushin manya, ya ce a sanar da gayya. Ya ce a sussuke geron duka, a yanka bunsurunta, don babban mutum ba ya tara jama'a a kan gaya. Naja'atu ta yi kuka, kukan gaske, don tana jin tsoron yunwa kuma ta san ta. Amma ta hura wuta.

Ran gayya Malam ya ga abin da ya faranta masa rai. Gari ya fito kaf, har da mutanen Yasore da ba a gayyata ba. Ashe ana gane daraja! Suka yi layi bisa shekaru, kamar yadda ya sha koya musu. Kowa ya zo ya durƙusa, ya gaida Malam, ya tambayi iyali, da gajiya, da ruwa, da lafiyar mutanen Sin, sannan ya ja da baya a sunkuye. Malam yana fifita yana amsawa, kansa na ƙara girma. Kafin na ƙarshe ya gama gaisuwa hantsi ya dubi ludayi. Aka kawo tuwo da fura da naman bunsuru, aka ba shi ya fara, sannan aka bi tsari aka share akusan har ana lashe yatsu.

Daga nan kowa ya jingine hauyarsa, ya nemi inuwa, ya harɗe ƙafa, ya lumshe ido. Makaɗin gayya ma ya kifa gangarsa ya yi matashi da ita.

Malam ya yi gyaran murya. Babu wanda ya motsa. Ya sake yi, har da tari.

“Jama'a, rana tana yi.”

Mati, wanda ya fi kowa cin nama, ya buɗe ido ɗaya. “Allah gafarta Malam, ai mun fara. Irin naka muke yi.”

Malam ya dubi gonar. Ya hango ciyawa tana rausaya, ya tuno rumbu wayam. Amma mai falsafa biyu ba ya rasa mafita. Ya miƙe ya gyara babbar riga.

“Kun ɗauki karatu a kaikaice. Wancan na manyan masana ne. Naku shi ne na Kunfushiya: haƙƙi, da biyayya, da sauke nauyi. Na ƙasa ya bi na sama!”

“Gaskiya ne, ranka ya daɗe,” in ji Mati. “Kuma ka ce ba a shiga gaban babba, shi ne abin koyi. Ka sa hauya, duk yadda ka yi haka za mu yi.”

Jama'a suka amsa da “ƙwarai kuwa” baki ɗaya. Daudu ya taso da ladabi, ya miƙa masa hauya da hannu biyu.

Rabon Malam da duƙawa tun yana saurayi. Ya shiga kunyar farko, tumbi ya tare masa ganin ƙasa, hannun riga ya zubo ya rufe sauran. Ya ɗaga hauya ya kai sara da ƙarfin hali. Tushen gero ya faɗi. Ya sake kaiwa, wani tushen ya bi shi. Ciyawa ko gezau.

Sai ga jama'a sun miƙe gaba ɗaya. Makaɗi ya rarumi ganga. Suka jeru a bakin kunyoyi, kowa ya nemi tushen gero mai kyau ya tsaya a kansa, suka ɗaga hauyoyi sama suna jiran sara na uku.

Malam ya jefar da tasa. Ya ruga gabansu da hannuwa a sama, hula ta faɗi, mafici ya yi nasa wuri, murya ta koma ta ɗan akuya.

“Ku tsaya! Don girman Allah ku zauna! Kada kowa ya yi komai!”

Mutanen Wagini masu biyayya ne. Suka zauna, kuma ba su tashi ba sai da aka kira la'asar, suka bi layi suka yi masa ban gajiya.