Ranar da Suga Ya Tona Min Asiri a Dubai

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na zagi Bashiru a Dubai ba, kuma tun ba a je ko'ina ba ina faɗa da bakina: ni ne mai laifi. Shi bai yi min komai ba sai alheri.

Bashiru ƙanin matata ne, yana da shagon kayan babur a Anka. Ni kuwa noman shinkafa nake yi a fadamar Gummi. Shekarun da shinkafar gida ta fara daraja, ƙungiyarmu ta manoman rani ta wakilta ni in je Dubai in sayo mana injinan ban-ruwa. Turancina bai wuce na gaida ɗan sanda a hanya ba, don haka na roƙi Bashiru, wanda ya saba zuwa can saro kaya, mu tafi tare.

Akwai abin da na ɓoye. Shekara biyu ke nan ina fama da ciwon suga, kuma daga ni sai likita sai matata Rabi muka sani. A majalisarmu ta ƙofar masallaci, da zarar an ce wane yana da suga, sai ka ji wani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah sarki, iyalinsa nake tausayi." (Mai karatu ya gane inda maganar ta dosa.) To balle Bashiru, ƙanin mata, wanda tsokanata ita ce abincinsa. Na tabbata in ya ji, har jikokina sai sun gaji labarin. Saboda haka mako biyu muna ɗaki ɗaya a masauki, ba na haɗiye ƙwayata sai na ji ya shiga wanka ya saki ruwa.

Sai kayanmu suka yi jinkiri, ya zama dole mu ƙara kwanaki. Aka ce a sabunta biza, a kuma sabunta inshorar tafiya, wato takardar da ke ɗaukar nauyin asibiti in mutum ya kwanta ciwo a ƙasar mutane. Ta farkon a Sakkwato aka yi min. Mai cikawar ya dube ni ya ce, "Lafiya dai, Alhaji?" Na ce, "Lafiya lau." Ya cika ya miƙo min. Na ɗauka haka ake yi a duk duniya.

Ranar da za mu je ofishin inshorar na haɗiye ƙwayata kamar kullum, amma don gaggawa ban sa komai a cikina ba. Muna cikin tasi Bashiru ya ce, yana kallon taga, "Yaya, wagga takarda ba a yi mata ƙarya. In mutum ya ɓoye ciwo sannan ya faɗi, ba su biya. Asibitin garin ga kuwa kwana guda sai ya cinye gona."

Na ce, "Mi ya kawo zancen ciwo da sassafe? Ka ga na yi maka kama da majinyaci?"

Ya ce, "A'a, Yaya. Ai kai ƙarfe ne."

Muka jira a layi har rana ta ɗaga. Ma'aikaciyar wata dattijuwa ce Ba'indiya mai tabarau. Tana tambaya, Bashiru yana fassara min.

"Ta ce ko kana da wani ciwo da ka zo da shi daga gida?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi."

"Yaya, ba gaishe ka ta yi ba. Tambaya ce."

"Ni ma amsa na ba ta. Ka ce mata ni nake huɗar gonata da kaina." (Rabona da garma ya fi shekara goma.)

"Ta ce akwai maganin da kake sha kullum?"

"Ruwan fadama kawai."

Ta ɗora biro za ta yi alama a gurbin "babu", sai wayata ta yi ƙara. Ita wannan waya tun da ta faɗa cikin kwarin ban-ruwa ba a jin magana da ita sai an buɗe lasifika. Na ga sunan Rabi. Da ina da wayo da na kashe. Amma sai na ce a raina, ai Hausa za mu yi, wa zai ji? Bashirun ma mantawa na yi yana da kunne.

Ko sallama ba ta gama ba ta ce, da muryar nan tata da ake ji daga zaure, "Alhaji, halan ka sha maganin suganka? Ka dai ci abinci kafin ka sha, ko? Ka san yadda suga ke maka!"

Sau biyu ta ambaci kalmar. Ashe wannan kalma ba ta buƙatar tafinta. Dattijuwar ta ɗaga biro, ta leƙo ni ta saman tabarau, ta ce, "Suga?"

Nan ne shaiɗan ya dafa kafaɗata. Na ce wa Bashiru, "Gaya mata sana'ata ce. Suga nake sayarwa, buhu-buhu."

Ya ce, "Yaya, a takardarka manomi aka rubuta."

"To rake nake nomawa!"

Dariya ta kuɓuce masa. Ya juya ya yi wa matar wata magana da Turanci (daga baya na ji haƙuri kawai ya ba ta, ya ce ta ɗan jira mu). Ni kuwa na ɗauka asirina yake zazzagewa. Na miƙe tsaye a gaban mutanen ƙasashe ban san iyaka ba, na nuna shi da yatsa.

"Munafuki! Na kawo ka ka zama bakina, ka koma kana sayar da ni da yaren da ba na ji? Da ma duk gidanku ba a ba ku ajiyar magana!"

Sai wata murya ta fito daga tafin hannuna: "Duk gidanmu, Alhaji?" Ban kashe wayar ba.

A daidai lokacin ne gumi ya keto min a cikin sanyin ofis, idona ya fara ganin dattijuwar biyu-biyu. Ƙwayar da na sha cikina wayam ta fara aikinta, sugan jinina ya yi ƙasa sosai. Na zube kan kujera, babbar riga gefe, hula ƙasa. Kuma ni, mai huɗar gona da kansa, abin da bakina ya iya furtawa shi ne, "Suga... ku ba ni suga."

Kafin kowa ya motsa Bashiru ya zaro ƙullin dabino daga aljihu ya tura min ɗaya a baki. Dattijuwar ta kawo lemon kwalba. Da idona ya washe, ta buɗe jakarta ta nuna min fakitin ƙwaya irin tawa sak, ta nuna ƙirjinta, ta girgiza kai kamar yadda Inna ke yi in na yi shirme ina yaro.

Na ce wa Bashiru a hankali, "Ina ka samu dabino?"

Ya ce, "Tun daga Gummi yake aljihuna. Yaya Rabi ta ba ni ranar da za mu taso, ta ce in na bari ka ji na sani ba ta yafe min ba. Kana tsammanin don son tsafta nake daɗewa a wanka?"

Aka cika takarda da gaskiya. Kuɗin ya ɗan ɗara na masu lafiya, aka buga hatimi, babu wanda ya ce Allah sarki iyalinsa. A ranar na gane "lafiya lau" amsar gaisuwa ce, ba amsar takarda ba.

Da muka dawo gida, Rabi na lallashe ta da atamfa da baki mai daɗi, ta haƙura bayan kwana uku na tuwo ba hira. Bashiru ne ya gagare ni. Ya daina tsokanata ɗungurungum. Sai "Ina kwana, Alhaji," "Sai an jima, Alhaji." Ban taɓa sanin rashin tsokana na da ciwo haka ba. Na aika masa turare, ya aiko da godiya. Na aika buhun shinkafa sabuwar casa, ya aiko da godiya. Ni kuma girma ya hana ni buɗe baki, wai yaya za a yi in ba ƙanin matata haƙuri.

Sai da wata biyu suka wuce na hau mota zuwa Anka. Na same shi a shago, abokansa cike da benci. Ya tashi zai ba ni kujera, na ce ya bari, a tsaye zan yi.

Na ce, "Bashiru, ga mutane shaida. Ina da ciwon suga, kuma ka riƙe min sirrin da ni kaina na kasa riƙewa. Na kira ka munafuki, alhali ni ne nake ƙarya. Na zagi gidanku, gidan da ya ba ni mata. Don Allah ka yafe min."