Ranar da Na Tafi Intabiyu da Kawu

Babu wanda ya ce in tafi da Kawu Sani. Ni da kaina na je Bungudu na ɗauko shi, don na ji tare suka yi makarantar allo da babban lauyan da zai yi mana intabiyu a Gusau. Gurbin koyon aikin lauya a ofishinsa guda ne, mu kuwa mun cika benci. Har tausayin sauran nake ji: su da takardu kawai, ni da Kawu.

Da aka kira ni, Kawu ya riga ni shiga. Bayan doguwar gaisuwa, lauyan ya tambaye ni me zan yi in alƙali ya ƙi sauraron hujjata. Amsar tana bakina, amma Kawu ya karɓe.

"Alhaji, yaron ga bai san gardama ba. Bai taɓa musu da babba ba. Ko taka shi ka yi, shi zai ba ka haƙuri."

Lauyan ya cire tabarau ya dube ni. "Haka ne?"

To, ƙanen mahaifiyata zan ƙaryata a gaban baƙo? Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne."

Har yau ba a kira ni ba. Rigar lauya tana akwati, ni ina shagon hatsin Kawu ina auna dawa, shi kuma yana mamakin yadda aka ƙi yaro mai ladabi. Masu saye kuwa sai su yi tayin banza, su ce, "Sallama mana, Barista Haka-ne. Ai kai ba ka gardama."