Rasuwar 'Yar Rawaya, Mitar Gwajin Wuta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar da ta kasa tsayawa wuri ɗaya, ni Maharazu, mai gyaran injin ban ruwa a Kura, nake sanar da manoma da masu injin casa rasuwar mitata ta gwajin wuta, wadda aka fi sani da 'Yar Rawaya.

Marigayiyar ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. In waya na da wuta, takan faɗa tun kafin in kai hannu. In layi bai tsinke ba, sai ta ce "tiiii", da siririyar muryar nan da nake ji ko injin casa yana ruri. A Kadawa wani mai gona ya taɓa rantse mini cewa ya kashe wuta. Ita ta ce bai kashe ba. Maganarta na bi, shi ya sa yau nake da rai.

Ciwon ajali ya same ta ranar Talata a gonar Malam Isiyaku da ke Bunkure. Ina durƙushe ina gwada faifan solar da ke ba famfonsa wuta, ta zame daga gwiwata ta faɗa kwatar ruwa. Na tsamo ta, na kwance bayanta, na tura ta cikin buhun shinkafa kamar yadda maiɗakina Sa'adiya ta ba da shawara. Ta farfaɗo, amma hankalinta bai dawo ba: ta duba mataccen batir ta ce lafiyarsa ƙalau. Jiya da hantsi lambobinta suka dushe.

Ta bar wayoyi biyu, ja da baƙa, da sabon batir da bai san abin da ake ciki ba. Da ni.

Tun daga lokacin ban zauna ba. In shiga shago, in fito, in laluba aljihu. Famfon Malam Isiyaku har yanzu shiru, ban san ko laifin solar ne ko na injin ba. Malam Isiyaku ya kira ni ɗazu. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi ganyen albasa ya fara kwanciya.

Za a rufe ta gobe bayan Azahar a ƙasan akwatin kayan aikina, a shagona da ke bakin tasha. Ba za a yi mata wanka ba, ruwa ya riga ya yi nasa. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu. Zaman makoki ba zai yi tsawo ba. Duk mai zuwa gaisuwa da yake da mita, don Allah ya riƙo ta, ya kuma zo da mai a babur ɗinsa. Daga shafa addu'a Bunkure za mu wuce.