Mai Koyar da Tauna

Wani ne a nan garin Rethimno, matarsa Stamatiya za ta tafi tsinkar zaitun, sai ta bar masa ɗansu Sifis.

Ta ce, "Nas ta ce yaron nan ya isa tauna. Daga yau an daina dama masa abinci. Ga naman rago da dankali nan, ka koya masa."

Ya ce, "Tauna? Ai kin zo wurin gwani."

Tana fita ya miƙa wa Sifis tsoka guda. Yaro ya tsotsa, ya jefa wa kyanwa.

Uban ya ce, "A'a, ɗan gidana, ba haka ake yi ba. Kalle ni nan."

Ya jefa tsoka a baki ya tauna. Yaro ya tafa masa. Ya ƙara. Yaro ya ƙara tafi. Kafin ya farga rabin kwano ya tafi, ɗalibi kuwa ko loma bai kai ba.

Sai ya buɗe bakin yaron ya leƙa. 'Yan haƙora huɗu, kamar ƙwayar shinkafa.

Ya ce, "Ashe ba laifinka ba ne. Kayan aiki ne babu!"

Surukinsa, tsoho Pantelis, yana ɗaki yana baccin rana, haƙoransa na roba suna jiƙe a kofi. Mutumin ya lallaɓa ya tsamo su. Ya gwada a bakin Sifis, sun fi fuskar yaron faɗi. Sai ya riƙe su a hannu, yana datsa nama da su, ƙwas! ƙwas! Yaro ya ƙyalƙyale da dariya. Yana buɗe baki, uban ya saka masa ɗan guntu. Sai ga Sifis yana tauna!

Can tsoho ya farka da yunwa. Ya laluba kofi, wayam. Ya fito ya samu ragowar damammen karas ɗin jikansa, ya zauna yana lasa da ƙaramin cokali.

Ana haka Stamatiya ta shigo. Ta dubi ubanta, ta dubi hannun mijinta.

"Na shiga uku! Me nake gani haka?"

Mijin ya ce, "Ki yi a hankali mana, Baba ne ke koya wa jikansa tauna."

Ta ce, "Baba, kana zaune kana kallo, ba za ka ce komai ba?"

Tsoho ya lashe cokali ya ce, "Ƙyale shi, 'yata. Ke dai in haƙoran sun ƙoshi a miƙo min su, mai su bai ci ba tukuna."