Ranar Da Yatsana Ya Tona Mini Asiri

Ko me zan manta a karatuna, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya kare binciken kammalawa a kwalejinmu ta Haɗejiya ba. Bincikena a kan abin da ke sa ɗalibai rungumar manhajar bankin Musulunci a wayoyinsu ne. Ni kuwa lokacin ɗan ƙarya ne na bugawa a jarida.

Da aka dawo hutu na shaida wa 'yan ajinmu (musamman Hafsatu, wadda nake yi wa kallon uwar 'ya'yana ba da saninta ba) cewa a Abuja na yi hutun, a ofishin kawuna. Gaskiyar magana sati shida na yi a fadamar babana a Auyo, daga korar tsuntsu sai yankan shinkafa da bugu, har hannuna ya koma kamar dutsen goge kaushi.

Ranar na sha guga na zuba bayani. Na ce ɗalibai suna son manhajar don babu kuɗin ruwa, sannan ga sauƙi, ɗora yatsa kawai za ka yi ta buɗe, ko kakata za ta iya. Malam Garba, dattijon da ke jagorantar masu ba da maki, ya ce to in buɗe tawa a gani.

Na ɗora yatsa, ta ce ba ta san ni ba. Na goge shi a riga, ta ƙi. Na juya baya na ɗan lashe shi (Allah Ya yafe mini), ta sake ƙi. Lauje ya cinye zanen yatsan kaf, lambar sirri kuwa rabona da ita tun ranar rajista. Na ɗora wa sabis laifi, sai Hafsatu ta buɗe tata nan take, wai don ta taimake ni.

Malam ya kira ni, ya kama hannuna ya jujjuya. Bai yi maganar waya ba. Cikin tausayi ya ce, "Ɗana, yaya tsuntsayen jan-baki bana a wajenku?"

"Wallahi Malam sun gama da mu. Kwana goma ina kaɗa galan ina korarsu tun asuba, amma rabin gonar..."

A nan na tuna inda nake. Ajin ya ɗauka da dariya gaba ɗaya. Wani daga baya ya nemi sanin a wace unguwar Abuja gonar take. Hafsatu ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam ya ba ni makina, da sharaɗin in ƙara babi a kan ɗaliban da noma ya cinye wa yatsu. Tun ranar na gane ɗan manomi yana iya ɓoye komai, amma idan aka jajanta masa ɓarnar gona, da bakinsa zai ba da kansa.